Iskar gefe: abin da ke kayar da tsofaffin jiragen koyon tuƙi na soja

A bukukuwan nuna jiragen sama a Amurka, Ingila da Afirka ta Kudu, har gobe ana ganin jiragen da aka horar da matuƙan Yaƙin Duniya na Biyu da su suna shawagi. Akwai Tiger Moth na Ingila, wanda ya fara tashi a 1931, da Stearman mai fukafukai biyu, sai kuma T-6 Texan, wanda Turawan Ingila ke kira Harvard. An ƙera T-6 sama da 15,000, kuma sojojin saman Afirka ta Kudu sun yi aiki da shi har 1995. Ita ma Ghana, bayan ta kafa rundunar sojojin samanta a 1959, ta horar da matuƙa da ƙanensu mai suna Chipmunk.

A sama waɗannan jirage ba su da rigima. Matsalar tana wajen sauka, musamman idan iska na kaɗawa daga gefen titin jirgi maimakon daga gaba.

Dalilin yana cikin ƙirarsu. Manyan tayoyi biyu suna gaba, ƙaramar taya ɗaya tana can ƙarƙashin wutsiya, saboda haka cibiyar nauyin jirgin tana bayan manyan tayoyin. Da zarar jirgi ya taɓa ƙasa, iskar gefe sai ta bugi wutsiya, hanci ya karkata wajen da iskar ke fitowa. Nauyin da ke baya kuma ya ƙara ingiza karkatar, kamar motar da aka jibge wa kaya a baya ta shiga kwana da gudu. Idan matuƙi ya yi jinkirin taka feda, kafin ka ce kwabo jirgin ya yi katantanwa a kan titi: bakin fiffike ya goge ƙasa, ƙafar taya ta karye. Wanda ya firgita ya danne birki kuwa, hanci ne zai kifa, farfela ta daki ƙasa, wani lokaci jirgin ya wuntsila gaba ɗaya. Ga shi dogon hancin jirgin yana tare wa matuƙi ganin gabansa.

To, yaya ɗaliban wancan zamani suka riƙa yi? Yawancin filayen koyonsu faffaɗan fili ne na ciyawa, inda mutum zai fuskanci iska ko ta ina ta fito. Ciyawa kuma tana barin taya ta ɗan zame. Yau titi ɗaya ne na kwalta, mai riƙe taya gam, dole ka sauka yadda aka shimfiɗa shi.

Lissafin ba wuya. Iska mai gudun kilomita 30 a awa, idan ta zo a kusurwar digiri 30 da titi, rabinta ne ke bugun gefe, wato kilomita 15. A digiri 60 kuwa ya kai kusan 26.

Maganin da malaman tuƙi ke koyarwa shi ne a sunkuyar da fiffiken da ke ɓangaren iska, a miƙe hanci da feda, tayar wannan ɓangaren ta fara taɓa ƙasa. Bayan nan a ci gaba da karkata sandar tuƙi wajen iska har jirgi ya tsaya cik, domin da yawa daga cikin haɗurran suna faruwa ne lokacin da gudu ya ragu, matuƙi ya saki jiki. Idan saukar ta ƙi daidaita, a ƙara wuta a sake zagayowa, ko a nemi wani filin.

Shi ya sa tun 1991 hukumar jiragen sama ta Amurka ta wajabta wa sabon matuƙi samun horo na musamman da sa hannun malami kafin ya ja jirgi mai tayar wutsiya. An daɗe da daina ƙera waɗannan jirage, kuma kujeru biyu gare su: duk saukar da ta ɓaci, tana iya tafiya da rai biyu da jirgin da babu madadinsa.