Dariya Cikin Tsoro: Nazari a Kan Fim Ɗin Hausu na Ƙasar Japan

1.0 Gabatarwa

Akwai wani nau'in finafinai na ƙasar Japan da ke gwama ban tsoro da ban dariya, wanda masu kallo a Turai da Amurka sukan ce tsananin muninsa shi ne kyansa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wannan hukunci yana da rauni, domin sau da yawa abin da ake ɗauka kasawa ce, da gangan aka tsara shi. Za a kafa hujja da fim ɗin Hausu, wanda kamfanin Toho ya fitar a shekarar 1977.

2.0 Asalin Fim Ɗin

Sunan Hausu aro ne daga kalmar Ingilishi mai ma'anar gida. Bayan da fim ɗin Jaws na Amurka ya sami karɓuwa a 1975, sai Toho ya nemi Nobuhiko Obayashi (1938–2020), gwanin shirya tallace-tallacen talabijin, ya samar da labari makamancinsa. Shi kuwa sai ya tambayi ƙaramar 'yarsa, Chigumi, abubuwan da ke ba ta tsoro, aka gina labarin a kansu.

Labarin na 'yan mata bakwai ne 'yan makaranta, waɗanda suka tafi hutu ƙauye gidan 'yar'uwar mahaifiyar ɗayarsu, gidan ya shiga cinye su ɗaya bayan ɗaya. Wata ta je ɗauko kankana a rijiya, ta jawo kan ƙawarta. Wata fiyano ya cinye ta, wata kuma katifu suka danne ta.

3.0 Dalilan Armashinsa

Dalili na farko shi ne salo. Obayashi ya so dabarun hoton su fito kamar aikin yaro, watau sararin sama na fenti da zane a kan hoto. Tun da mai kallo yana ganin ƙaryar a fili, sai ya yi dariya, alhali abin da ake nuna masa mutuwa ce.

Na biyu, fim ɗin yana da tushe a al'ada. Farar kyanwar da ke tare da matar gidan ta samo asali ne daga labaran bakeneko, wato kyanwa mai rikiɗa, waɗanda suka daɗe a adabin baka da wasan kwaikwayon Japan.

Na uku, wanda ya fi nauyi, shi ne yaƙi. Matar gidan fatalwa ce, ta mutu tana jiran saurayinta wanda bai dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu ba, shi ya sa take cin 'yan matan da ba su yi aure ba. Obayashi ɗan garin Onomichi ne a lardin Hiroshima, kuma yana yaro aka jefa bam ɗin nukiliya a 1945. Saboda haka, wautar 'yan matan hoto ne na zuriyar da ba ta san yaƙi ba, wadda baƙin cikin magabata ya haɗiye.

4.0 Kammalawa

Masu sharhi a Japan sun kushe Hausu da farko, amma matasa suka rungume shi, sa'an nan ya sami sababbin masoya a Amurka daga 2009. Darasin da ke nan ga mai nazari shi ne, kafin ya kira aiki maras kyau, ya fara tantance ko mai aikin kasawa ya yi, ko kuwa ƙa'ida ya karya yana sane.