Yadda A Ke Tafiya A Kan Kogin Ƙanƙara

Mu nan ƙanƙarar da muka sani ita ce wadda ta kan zubo tare da ruwan sama, yara su tsinta, kafin su kai gida ta narke. Amma a ƙasashen sanyi akwai inda ta ke taruwa har ta cika kwari, mutane su hau kanta su yini suna tafiya. Da ya ke an koya mana wannan cikin labarin ƙasa, mun ga ya kamata mu bayyana wa 'yan'uwa yadda baƙo ya ke taka ta, da dalilin da ya sa ba ya zuwa sai da jagora.

Asalin abin shi ne, a bisa dogayen duwatsu dusar ƙanƙara ta kan zuba kowace shekara, ba ta narkewa duka. Ta bana ta danne ta bara, har ta ƙasa ta daskare kamar dutse. In nauyi ya yi yawa sai ta soma gangarowa sannu sannu, a wurare da dama ba ta cika mita 1 a yini ba. Wannan shi a ke kira kogin ƙanƙara. Akwai wani mashahuri kusa da garin Shamoni, cikin ƙasar Faransa, a gindin dutsen Mon Bulan. Faransawa suna ce masa Mer di Gilas, watau Tekun Ƙanƙara. A 1842 wani masani mutumin Sikotilan, James Forbes, ya auna tafiyarsa, ya tarar tsakiya ta fi gefe sauri, kamar dai yadda ruwan gulbi ya ke.

To, a nan haɗarin ya ke. Da ya ke wani sashi yana rigan wani, sai ƙanƙarar ta tsattsage, ta bar ramuka masu zurfin rijiya ko fiye. Sa'an nan sabuwar dusa ta zo ta rufe bakinsu, wanda bai sani ba ya ga wuri sumul, ya taka, ya rufta. Tsagar bana kuwa ba lalle a same ta inda ta bara ta ke ba. A 1820 dusar ƙanƙara ta zaftaro a kan wata ƙungiya mai hawan Mon Bulan, ta tura jagorori 3 cikin rami. Ba a ga gawarwakinsu ba sai 1861, sa'ad da wani kogin ƙanƙara mai suna Boson ya fito da su can ƙasa, bayan shekara 41. A 1821 jagororin Shamoni suka kafa ƙungiyarsu, tana nan har yau.

Ga yadda a ke yi wa sabon shiga. Jagora ba ya ɗaukar mutane da yawa, sai kamar 4 ko 6, domin idonsa ya kai kan kowa. Ya kan ɗaura wa kowane ɗaya ƙarfe mai haƙora 10 ko 12 a ƙarƙashin takalmi, ya ba shi ɗamara, da hular kwano, da ɗan gatari mai tsini. Akwai kuma baƙin tabarau, gama hasken rana a kan farar ƙanƙara ya kan kashe ido. Farko ya kan kai su inda dusa ta narke, kowace tsaga tana bayyane, ya koya musu tafiya: a buɗa ƙafafu kada haƙoran su kama wando, a kuma aza tafin ƙafa duka ƙasa. In za a shiga inda dusa ta rufe, sai a ɗaure su da igiya guda, tsakanin mutum da mutum kamar mita 10. Ba a barin igiyar ta yi sako-sako, domin in ɗaya ya rufta nauyin sauran ya tsai da shi. Sammako a kan yi, tun dusar tana da ƙarfi, don in rana ta take ta kan yi laushi.

Duk wanda ya ji labarin fatake ya san ayari ba ya tashi sai da madugu, ba a kuwa gardama da shi a kan hanya. Haka abin ya ke a can. In jagora ya ce a koma, sai a koma, ko da saura ƙiris a kai.

Wani abin tausayi, kogunan nan suna ta ƙanƙancewa saboda ɗumamar duniya. A 1909 jirgin ƙasa ya fara kai baƙi gefen Mer di Gilas, suna sauka ga ƙanƙara nan kusa. Daga lokacin zuwa yanzu kaurinta a wurin ya ragu fiye da mita 100.

Mu da za mu fita koyarwa, mu tuna yaran da za a damƙa mana su ma sababbin shiga ne, mu ne kuwa a gaban igiya. Masu magana sun ce, da ɗan gari a kan ci gari. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.