Abin Da Ke Sa Ma'ajin SSD Ya Yi Sauri Yau, Gobe Ya Yi Nawa

Wanda duk ya sayi sabon ma'ajin bayanai na kwamfuta, irin wanda ake kira SSD, yakan so ya auna saurinsa don ya ga ko abin da aka rubuta a jikin kwali gaskiya ne. To, a nan ne magana kan taso. Awon farko ya nuna ma'ajin yana rubuta megabayit 3,000 cikin sakan ɗaya, na biyu ya nuna 500, washegari kuma ya koma 3,000. Mutane da dama kan zaci jabu aka sayar musu, su mai da kaya wurin mai kanti, alhali kuwa sau da yawa lafiyar ma'ajin ƙalau.

Tushen al'amarin yana cikin ƙirar ma'ajin. Shi ba shi da faifai mai juyawa. Yana adana bayani ne cikin wasu ƙananan gurabe na lantarki, irin waɗanda Fujio Masuoka na kamfanin Toshiba a ƙasar Japan ya gabatar a 1987. Da fari kowane gurbi ɗigon bayani ɗaya yake ɗauka. Don neman araha aka shiga cusa biyu, aka kai uku, har huɗu. Amma kuma gwargwadon yawan ɗigon da ke cikin gurbi, gwargwadon nawar rubutu a cikinsa.

Sai masu ƙira suka yi dabara. Suka ware wani sashe inda ake rubuta ɗigo ɗaya tak a kowane gurbi, ya zama kamar zaure, inda ake sauke kaya da hanzari kafin a shigar da su cikin gida sannu a hankali. Kamfanin Samsung ya sa wannan dabara cikin ma'ajinsa mai suna 840 EVO a 2013, kuma galibin masu araha sun bi sahu. Lambar nan da ke jikin kwali, saurin zauren ce. Sanannen ma'aunin nan CrystalDiskMark, in ba a sauya masa tsari ba, gigabayit ɗaya yake gwadawa, wanda bai isa ya cika zaure ba. Amma ranar da mutum ya kwafi hoton bidiyo na gigabayit 100, zaure ya cika, sai ainihin saurin cikin gida ya bayyana. Bugu da ƙari, a yawancinsu girman zauren ya dogara ne ga filin da ya rage. Ma'ajin da ya kusa cika, zaurensa ɗan tsugul ne. Haka kuma wanda ya maimaita awo nan take, bai ba shi sararin kwashe kayan farko ba.

Akwai kuma batun sharewa. Ba a yin rubutu a kan rubutu cikin waɗannan gurabe, sai an wanke, kamar allo, kuma babban yanki ake wankewa gaba ɗaya. Saboda haka dole ma'ajin ya fara kwashe abin da ake bukata daga yankin zuwa wani wuri. Umurnin da ake kira TRIM, wanda Windows 7 ta zo da shi a 2009, shi ke sanar da ma'ajin abin da mai shi ya riga ya zubar. In an kashe shi, sai ma'ajin ya yi ta ɗawainiya da shara.

Zafi ma yana da nasa. Idan ma'ajin ya haura wajen digiri 70, yakan rage gudu da kansa don kada ya lalace, abin da ba wuya ya faru cikin ƙaramar kwamfuta a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri. Sannan mahaɗar SATA ba ta wuce kimanin megabayit 550 a sakan, komai ingancin abin da aka jona mata.

Mai son awo na gaskiya sai ya rufe sauran ayyukan kwamfuta, ya lura da zafi da filin da ya rage, ya bar ma'ajin ya huta tsakanin awo da awo, kana ya gwada shi da babban kaya har sai lambar ta tsaya wuri ɗaya. Wannan ita ce lambar da ta cancanci a biya kuɗi dominta.

Duk da haka, ba kullum ne zargin masu saye ke zama na banza ba. A watan Agusta na 2021 kamfanin Western Digital na Amurka ya amsa cewa ya sauya gurabe na cikin ma'ajinsa WD Blue SN550 tun watan Yuni, ba tare da sauya masa suna ba, bayan masu gwaji sun gano cewa saurinsa yakan faɗi ƙwarai da zarar zaure ya cika. A wannan shekarar kuma aka gano an mai da Crucial P2 daga mai ɗigo uku zuwa mai huɗu. Ga suna ɗaya, ga kwali iri ɗaya, amma gajeren awo bai nuna bambancin ba, sai da aka yi dogo.