Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa Ta Shiga Maƙera

Duk direban babbar mota da ya taɓa kwana a daji tsakanin Badun da Ilori saboda karyewar aksul, ya san ƙarfe suna ya tara. Haka nan mahaucin da ke sayen wuƙa ya san dalilin da ya sa maƙeri yake neman tsohon sifirin mota, ya bar rodin gini. Sifirin in an gasa shi ya yi jajawur, aka tsoma a ruwa ko a mai, yana ɗaukar tauri ya riƙe kaifi.

To, a manyan masana'antu abin da ya fi damun injiniyoyi shi ne zurfin da taurin nan yake shiga. Sa'ad da aka tsoma ƙarfe mai zafi a ruwa, bayansa ne yake fara hucewa, cikinsa kuwa sai a hankali. Wuƙa siririya ce, tana hucewa gaba ɗaya. Amma aksul mai kaurin damtse, yana yiwuwa bayansa ya yi tauri alhali ciki bai yi ba, kamar dankalin da aka gasa da garaje. Irin wannan shi ne yake ba da kunya ran da aka yi lodi mai nauyi.

SIRRIN YANA CIKIN HAƊI

Abin da aka haɗa a cikin ƙarfe shi ne yake yanke wannan hukunci. Sinadarin gawayi, watau kabon, shi ne yake ƙayyade iyakar tauri. Manganis da kuromiyam da molibdinam da nikel kuwa su ne suke kai taurin can ciki, ko da cikin bai huce da sauri ba. Akwai kuma boron, wanda kamar giram 20 cikin tan guda ya isa ya sake halin ƙarfe.

A shekarar 1938 wasu injiniyoyi biyu na kamfanin General Motors a Amurka, Walter Jominy da A. L. Boegehold, suka fito da hanyar awo. Ana yanko sandar ƙarfe mai tsawon milimita 100 da kaurin milimita 25, a gasa ta, a rataye, sa'an nan a feshi bakinta na ƙasa kaɗai da ruwa. In ta huce sai a bi ta ana auna tauri daga bakin da ya sha ruwa zuwa sama. Awon yana da kyau, sai dai yana cin sa'o'i, kuma sai ƙarfe ya riga ya daskare ake yinsa.

Don haka a 1942 Marcus Grossmann ya kawo lissafi, inda kowane sinadari yake da lambarsa, a ninka su a sami amsa. Lissafin ya yi amfani ƙwarai, amma yana kuskure, domin sinadaran nan kamar kayan miya suke, wani yana ƙara wa wani ƙarfi, wani yana kashe wani. Alal misali, naitirojin yana kama boron ya hana shi aiki, shi ya sa ake zuba taitaniyam ya riga shi kamawa.

YADDA NA'URAR TAKE KOYO

A nan ne na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, ta shigo. Akwai wani tsarin lissafi da ake kira ragar jijiyoyi, domin an kwaikwayi yadda jijiyoyin ƙwaƙwalwa suke saƙe da juna ne. Ba a ba ta ƙa'ida, misalai ake ba ta. Za a nuna mata haɗin wani ƙarfe ta yi hasashen taurinsa, sa'an nan a gwada da abin da awon Jominy ya nuna. In ta kauce sai ta gyara lambobin da ke cikinta kaɗan, a sake ba ta wani, har sau dubbai, kamar ɗan maƙeri da yake koyon launin wuta a gaban ubansa. Bayan haka sai a jarraba ta da ƙarafan da aka ɓoye mata.

A 1996 masana a ƙasar Holan suka nuna cewa irin wannan raga tana iya faɗin taurin sandar Jominy tun daga baki har sama. Har wa yau a shekarun 1990 masana a ƙasar Folan suka yi irin wannan aiki. Amfaninsa a fili yake. Tun ƙarfe yana narke ake ɗibar kaɗan a auna haɗinsa cikin 'yan mintoci, na'ura ta faɗi zurfin taurin da za a samu, in da gyara a ƙara manganis kafin a zuba. Bugu da ƙari ana rage ɓarnar molibdinam da nikel masu tsada.

Sai dai fa na'urar abin da aka nuna mata kaɗai ta sani. In aka kawo mata haɗin da ya fita daga irin waɗanda ta koya, za ta ba da amsa ba tare da ko ɗar ba, amsar kuwa ta zama shirme. Shi ya sa a Jami'ar Kambirij ta Ingila, Harry Bhadeshia da David MacKay suka yi aiki da ragar da take faɗin amsa tare da iyakar shakkar da ke cikinta.

INA RUWAN NIJERIYA?

Masana'antar Ajaokuta, wadda aka ƙulla yarjejeniyar gininta da Tarayyar Sobiyat a 1979, ba ta kai ga cika burin da aka kafa ta dominsa ba. Yawancin ƙarfen da ake narkawa a ƙasar nan tsofaffin ƙarafa ne, waɗanda 'yan gwangwan, da yawansu 'yan Arewa, suke tarawa su kai kamfanonin Ikko da Ogun. Tukunyar yau ba irin ta jiya ba ce, domin sifirin da gwangwani da rodi duk a haɗe suke shiga. Kamfanin da yake son na'ura ta taimake shi a irin wannan hali, tilas ya fara da ware ƙarafa iri-iri, da auna kowace tukunya, da ajiye rubutun abin da awo ya nuna shekara da shekaru, gama wannan rubutu shi ne abincin na'urar. Ko a ƙasashen da suka yi nisa ba a jefar da sandar Jominy ba. Hausawa dai sun ce, sai an gwada akan san na ƙwarai.