Yadda cikon haƙori ke bayyana sunan mamaci bayan gobara

A daren 12 ga Fabrairun 2009, wani jirgin fasinja na kamfanin Colgan Air ya faɗa kan wani gida a Clarence Center, kusa da birnin Buffalo na jihar New York a Amurka. Mutum 49 da ke cikin jirgin da mutum ɗaya da ke gidan suka rasu, wuta kuma ta yi ta ci na sa'o'i. Iyalai na jiran gawarwaki, amma a jikin wasu daga cikinsu babu fuskar da za a duba, babu zanen yatsa.

A irin wannan hali ana komawa ga haƙori, domin babu abin da ya kai shi tauri a jikin mutum. Akan kwatanta haƙoran gawa da hoton da likita ya taɓa ɗauka. Matsalar ita ce wuta mai tsanani na farfasa haƙori, wani lokaci guntu ɗaya kawai ake tsinta.

Nan ne aikin masu bincike na Jami'ar Buffalo, Mary Bush da Peter Bush da Raymond Miller, ya yi rana. Sun mayar da hankali kan abin da likita ya cike ramin haƙorin da shi. Tsohon ciko mai launin azurfa, wanda kusan rabinsa zaiba ce, ba ya jure zafi sosai. Farin ciko na zamani kuwa haɗi ne na roba da garin gilashi, kuma kamfanoni na zuba masa sinadarai irin su bariyom ko zikoniyom don ya fito a hoto. Kowane kamfani da nasa haɗin. Robar ta ƙone, sinadaran su tsaya, ko da zafin ya kai digiri 900.

Masanan sun riga sun tattara bayanan cikon kamfanoni daban-daban. Da na'urar da ke karanta sinadarai, sai su gano samfurin da ke jikin guntun, su duba takardun asibiti. Hakan ya taimaka wajen tantance wasu daga cikin mamatan jirgin.

Ciko shi kaɗai ba ya zama hujja, tunda dubban mutane na ɗauke da samfuri iri ɗaya. Amfaninsa shi ne rage sunayen da ake zato, ko ƙarfafa shaidar hoto. Wannan ma sai idan likitan ya rubuta sunan samfurin da lambar haƙorin a fayil ɗin majinyaci ranar da ya yi aikin.