Me Gwamnati Ta Tanadar Wa Talaka A Harkar Lafiya, Kuma Yaya Zai Same Shi?

A asibiti muna yawan ganin mutum biyu masu ciwo iri ɗaya, misali hawan jini, amma ƙarshensu ya bambanta. Ma'aikaci mai inshora yana karɓar maganinsa duk wata. Shi kuwa mai ƙaramar sana'a a Tukur-Tukur ko Ƙofar Doka yakan sha na sati biyu, kuɗi su ƙare, ya ajiye, sai ranar da aka kawo shi da shanyewar ɓarin jiki. Wannan shi ne rashin daidaito a harkar lafiya. A Najeriya, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a jinya daga aljihun jama'a yake fitowa kai tsaye.

Matakan da aka ɗauka

A 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Abuja cewa za su riƙa ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, amma gwamnatin tarayya ba ta kai wannan adadi ba. A 2014 Dokar Lafiya ta Ƙasa ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake kira BHCPF, inda ake zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya. Wani ɓangare na kuɗin yana zuwa ƙananan asibitocin gunduma, wani kuma ana biya wa marasa ƙarfi inshora da shi.

A 2022 aka sa hannu a dokar hukumar NHIA, wadda ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, ta kuma tanadi asusun masu rauni, kamar masu juna biyu, yara 'yan ƙasa da shekara 5, tsofaffi, masu buƙata ta musamman da talakawa. A Jihar Kaduna, hukumar KADCHMA ce ke gudanar da shirin taimakekeniyar lafiya. A Nuwamban 2024 kuma Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka zaɓa.

Inda gizo ke saƙa

Kuɗin ba su isa a ɗauki kowa ba, guraben kyauta ƙayyadaddu ne. Da yawa kuma ba su san da shirin ba sai ciwo ya kwantar da su, alhali rajista ba ta fara aiki nan take. Sannan magani kaɗai ba ya gyara gurɓataccen ruwa, cunkoson ɗaki ko ƙarancin abinci, waɗanda su ne tushen yawancin cututtukan yara.

Abin da za ku yi

1. Ku je asibitin gundumarku tun kuna da lafiya, ku tambayi shugaban asibitin yadda ake rajistar KADCHMA ko BHCPF. Ku riƙe lambar NIN.
2. Mai juna biyu ta fara awo da wuri, ta tambayi inda ake tiyata kyauta tun kafin naƙuda.
3. Rigakafin yara kyauta ne, haka ma maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa gida-gida da damina.
4. In an nemi ku biya abin da aka ce kyauta ne, ku nemi rasit, ku kai ƙorafi ga kwamitin ci gaban gunduma ko mai unguwa.

Mai hawan jini ko ciwon suga kada ya daina magani don rashin kuɗi bai faɗa wa likitansa ba. Sau da yawa akwai wani mai araha da zai yi aiki iri ɗaya.