Masu gyaran bayan jama'a na fama da nasu bayan

Daga Gubi, inda mazaunin dindindin na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa yake a kan hanyar Ningi, wanda ɓarin jikinsa ya shanye ko ya samu karaya a haɗarin mota, galibi cikin garin Bauchi ake nufa da shi, zuwa asibitin koyarwa na jami'ar. Idan hankali ya kwanta, sai a miƙa shi sashen gashin ƙashi, wurin ma'aikatan da za su sake koya masa zama da tsayuwa da takawa.

Aiki ne na ƙarfi. Ma'aikaci zai ɗago majinyaci daga gado, ya zaunar da shi a keke, ya tallafe shi yayin da ƙafafunsa ke rawa, sannan ya daɗe a sunkuye yana motsa masa gaɓɓai. Hakan zai maimaita a kan mutum bayan mutum har a tashi aiki.

Wani bincike da aka wallafa a 2008 kan masu wannan aiki a Nijeriya ya gano cewa kashi 91 cikin 100 na waɗanda suka amsa tambayoyi sun yi fama da ciwon jiki mai nasaba da aikinsu a cikin shekara guda. Kusan kashi 70 ƙasan bayansu ne ke ciwo. Rabinsu kuwa ciwon ya fara kama su ne kafin su cika shekara biyar da kammala karatu.

Dalilin a fili yake. A 2007, wani masani a cibiyar lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ya ƙiyasta cewa nauyin majinyaci da ma'aikaci ɗaya zai ɗauka da hannu bai kamata ya wuce kilo 16 ba. Baligi kuwa ya ninka wannan sau uku ko fiye, ga shi ba buhu ba ne: yana iya zamewa ko ya rungumo wuyan mai taimakonsa. Idan bayan ma'aikaci ya riƙe ana tsakiyar ɗauka, su biyun ne za su kai ƙasa.

Ƙa'idojin sanannu ne: a daidaita tsayin gado da ƙugun ma'aikaci, a danne birkin keke, a durƙusa da gwiwa maimakon lanƙwasa baya, a juya da ƙafa ba da ƙugu ba, a kuma kira abokin aiki. Sai dai dabara kaɗai ba ta rage nauyi. Ana buƙatar gado mai hawa da sauka, ɗamarar riƙe majinyaci, zanen zamar da shi, da injin ɗagawa. Ingila ta kafa doka tun 1992 da ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata kauce wa ɗaukar nauyi mai haɗari da hannu matuƙar da hali.

A Nijeriya, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda asusun NSITF ke aiwatarwa, ta tanadi diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki, tare da sharaɗin ya sanar da hukumarsa cikin kwana 14. Amma diyya bayan ɓarna take zuwa. Asibitin koyarwa na Bauchi na gwamnatin tarayya ne, don haka a teburin masu tsara kasafin kuɗi da masu sayen kaya a Abuja ake fara kare bayan mai gashin ƙashi, da lafiyar majinyacin da ke hannunsa.